Akwatin Sama

Tun da aka hana ɗan Adam tuƙi, a akwati ake tafiya. Ka kwanta cikin soso, a rufe ka, ba ya buɗewa sai an isa. Ɗaya kan ɗaya ake jera akwatunan a cikin mota mai tuƙa kanta.

Ranar da zan kai Inna asibiti a Zariya saboda ƙugunta da ya karye, Tanimu mai lodi ya ce, "Baba Mati, a sa tsohuwa a ƙasa. In rana ta bugi soson sama, lafewa yake kamar tsumma."

Na ce, "Ni in kwanta a kan uwata? Haka aka rene ka? Ɗora ta sama."

Ya ɗora.

Da azahar motar ta tsaya a fili, babu inuwa, babu direban da zan zaga. Soson nawa yana nan daram, amma murfin da ke kaina ya ɗau zafi.

"Kai wannan," in ji Inna, don ba ta faɗin sunan ɗan fari, "katifar nan ta gudu. Katako nake ji a ƙashina."

"Kar ki motsa, Inna."

"In motsa in je ina?"

Na yi ta dukan murfin har hannuna ya kumbura. Ko gezau.

Can motar ta tashi. Na san hanyar nan, ramuka ne zalla. Na ɗaga hannu biyu na tokare ƙasan akwatinta, ko da yake na san aikin banza ne.

"Ka riƙe ni?"

"Na riƙe ki, Inna."

Muka faɗa ramin farko.