Hantar da Tambari Ya Jefa wa Karen Gajere

Tambari mahauci ya wurga hantar ta kan katanga, ya tsaya yana sauraron karen maƙwabcinsa Gajere yana lanƙwame ta. Hanta ce mai ƙullutun ruwa, wadda malamin dabbobi ya ce a binne, don irinta ke sa wa kare tsila a ciki.

Tun ranar da karen ya kore shi har cikin kwatami, a gaban surukansa da suka zo daga Gandi, Tambari ya rantse sai ya rama. Guba ba ta yi masa ba, tana da saurin kisa. So yake karen ya rame, ya riƙa jan gindi a ƙasa, Gajere na kallo. Duk ranar kasuwar Achida sai ya kawo wata hantar. Bai taɓa yi wa ɗan Adam hidima haka ba.

Bayan wata biyar, ragunan Sallah takwas da yake kiwo suka daina cin dusa. Biyu suka mutu. Malamin dabbobi ya zo daga Wurno, ya farke ɗaya, ya duba hantarsa.

"Baba, kare gare ka?"

"Ni? Mi za ni yi da kare?"

"To ƙwan tsila suka ci, kuma cikin kashin kare shika hitowa."

Bara'atu, matar Tambari, ta leƙo daga madafa.

"Malam, ai tun da kaf fara ciyad da shi yab bar gidan Gajere. Cikin harawar ragunanka shika wuni. Na ga kana son shi, shi yas sa ban kore shi ba."