Gangaren Ƙofar Alhaji Datti

"A rushe gangaren nan yau, a yi min matakala ta alfarma," in ji Alhaji Datti a waya, yana tsaye a ƙofar sabon gidansa na Lugbe.

Zakiyya ce ta zana gidan, amma ba su taɓa haɗuwa ba sai ta waya.

"Ba zan rushe ba, Alhaji."

"To na ƙwace aikin. Gida ne ko asibiti? Wane mutumin kirki zai bi ta nan?"

"Matsa gefe, ranka ya daɗe, ka tare hanya."

Ya juya. Wata mata ce a keken guragu, waya maƙale a kafaɗa, tana hawowa ba mai tura ta.

Ta wuce shi. "Biyo ni ka ga falonka, kafin ka kore ni."