Akwatin Udubo

Ana ɗora masa akwatin ƙarfen a ka, yatsunsa suka taɓa waya a gurbin mariƙi. Ya san wannan ɗaurin. Shi ya yi shi da hannunsa shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da ƙanensa zai tafi Legas.

Aikinsa a tashar Azare ɗaya ne. Tirela ta juya baya, a-kori-kura ta juya baya, a shimfiɗa katako a tsakaninsu, shi kuma ya haye da kaya a ka. Babu sito, babu jira. Gishiri ne ko taki, taku shida ne ya rabu da shi. Bai taɓa tambayar mai kaya ba.

Yau ya tambaya.

"Na garin Udubo ne," in ji direban tirelar. "Mai shi ya rasu makon jiya. Abokan aikinsa suka ce a kai wa tsohuwarsa."

"Ta sani?"

"Oho. Mu dai kaya aka ba mu."

Ya daɗe tsaye a tsakiyar katakon kafin ya ƙarasa. Ya sauke akwatin a hankali cikin a-kori-kurar, ya zauna a gefensa.

"Malam, sauko mana," direban a-kori-kurar ya ce. "Kayan motar garin Itas na jiranka."

Ya cire gammonsa ya ɗora a cinya.

"Ja mu tafi. Ni na fito da shi daga ɗakinta, ni zan mayar mata."