Ƙwaron da Ba Ya Sallama

Da la'asar ne, a gidanmu na bayan kamfanin fata a Challawa, inda aka sare itatuwa wurin ya koma juji. Inna tana wanke wa Baba gyambon hannunsa da ruwan gishiri. Likita ya ce cizon wani ɗan ƙwaro ne da jujin ya tara mana, don ƙanƙanta har gidan sauro yake ratsawa.

Baba ya dubi namu gidan sauron da aka shanya a igiya, ya ce, "Sauro ko banza yana sallama. Wannan shiru yake shigowa."

Da tabon aka binne shi. Yau in na sauke wa 'ya'yana gidan sauro, kukan sauro ba ya damuna. Shirun nake saurare.