Layin Baffa

Jiya na kalli wani fim na Burazil, kan yaron da mulkin soja ya raba da iyayensa ana tsakiyar gasar ƙwallo. Sai na tuna wata la'asar a gidanmu da ke unguwar Mansur.

Najeriya ta zura ƙwallo, unguwa ta kaure da ihu. Baba kuwa kwanansa tara yana gadin tarho, tun da sojoji suka tafi da ƙaninsa a Kano. Yana tashi alwala na kira abokina, muka yi ta surutu.

Da ya dawo, a hankali ya ce, "Ajiye, ya waladi, ɗana. Layin nan na Baffanka ne."

Baffa bai taɓa kira ba. Har yau ina tambayar kaina ko a mintocin nan ya gwada.