Ragowar Akushin Magini

Tunda ka ce likita ya sa ka rage ci, har kana ganin ya shiga tsakaninka da arzikinka, bari in ba ka misalin wani magini da ɗansa.

A wani gari, zamanin da ake gini da ƙasa da azara, an yi wani magini siriri kamar karan dawa. Ya tsufa har gemu ya yi fari fat, amma duk bazara shi ke hawa tsani ya yi wa soraye yaɓe kafin ruwa ya sauko, samari na ƙasa suna jefa masa curin ƙasa yana cafewa. Cinsa kuwa kowa ya san shi: koko da safe, fura da rana, bayan magariba a kawo masa tuwo a akushi. Sai ya fara daga gefe guda, in ya kai tsakiya ya cire hannu, ya yi hamdala, ya tura wa yaran gida ragowar. Haka manya suke a da, babba ba ya ganin gindin akushi. A kan wannan ragowa ɗansa na fari ya tashi, kuma har ya girma bai ci abin da ya kai masa daɗin tuwon nan mai shatin yatsun mahaifinsa ba.

Ɗan ya tafi birni, Allah ya buɗa masa a kasuwar yadi, ya ajiye tumbi, wuya ya yi kauri. Wata Sallah ya zo gida da abokansa, sai ɗaya ya tsokane shi: "Alhaji, duk wannan daula, a ce Baba iska za ta iya ɗaukarsa?" Maganar ta soke shi. Tsakani da Allah yana son uban, kuma ya ɗauka sirantar nan yunwa ce tsohon ya sha don su ƙoshi. Ya yi alkawari sai ya ga kumatu a fuskarsa. Ya lallaɓa shi ya kai shi birni, aka shiga jera masa shayi mai kauri da burodi da ƙwai, shinkafa tana ƙyallin mai, kaji, da lemon kwalba mai sanyi.

Ranar farko tsoho ya ci rabi, ya tura wa jikoki sauran kamar yadda ya saba. Yaran suka dubi juna. Kowa da farantinsa, wa zai ci ragowa? Can ya hango an juye abincin a kwandon shara. Mutumin da ya ga shekarar fari da yunwa da idonsa ba zai iya kallon wannan ba, kuma kunyar suruka, matar ɗan nasa, ta hana shi ya ce a rage masa. Daga ranar ya koma yana suɗe faranti. Ita kuwa surukar, da ta ga faranti tas, sai ta zaci bai ishe shi ba, ta ƙara ludayi. Tsoho ya yi kumatu, ɗa ya yi ta murna yana nuna shi ga baƙi. Sannan ƙishirwa ta zo, da yawan fitsari, ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo. Likita ya ce ciwon suga ne da hawan jini. Naman da aka tara da kaji ya zube, ya tafi har da na asali, ya bar fata tana reto.

Tsoho ya roƙa a mayar da shi gida. Suka isa ana gab da damina, ya ɗaga kai ya ga soronsa ya tsage. Ya sa aka jingina tsani, ya ɗora ƙafa a matakin farko, gwiwa ta ƙi. Ya daɗe riƙe da tsanin, sannan ya ce, "Ɗana, ƙashin nan da ka raina, shi ya yi ta hawa da ni tun kana goye." Da magariba aka kawo tuwo a tsohon akushin. Ya yi 'yar loma, ya cire hannu, ya duba babu yaro kusa, sai ya tura wa ɗan. Alhaji da girmansa ya zauna a ƙasa ya ci ragowar, hawaye na ɗiga a miyar kuka, yana nadamar da ba ta gyara gwiwa. Soron kuwa wani aka ɗauko ya yaɓe shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.