Mai Kiwon Ɓeraye

Shekara shida Abbas bai taka Daura ba. Da ya dawo ya tarar an sare darbejiyar ƙofar gida, mai shayin bakin layi ya koma sayar da katin waya, turken Iya babu ko akuya ɗaya, rumbun tsakar gida kuma kaji ne ke ƙwai a cikinsa. Ita ma Iya, mahaifiyarsa, ta sauya, amma sai da ya kwana uku ya lura.

A can ƙasar waje, aikinsa kiwon ɓeraye ne a ɗakin binciken wata jami'a. Yakan ɗauke musu abinci na yini guda, ya zauna da takarda yana rubuta abin da suke yi: yadda suke kai-komo, su kasa kwanciya, su zabura in an taɓa keji, su yi ta shinshinar kusurwar da aka saba ajiye musu abinci. Har yabonsa ake yi, wai babu abin da ke wuce idonsa.

To, ga Iya yanzu ba ta iya zama. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta buɗe tukunya ta rufe. Ludayi ya faɗi, ta zabura. In ta idar da salla sai ta dafa bango kafin ta miƙe.

Shi ne ɗan fari, don haka ko sunansa ba ta kira, balle ta zauna hira da shi. Daga bakin ƙofa yake tambaya.

"Iya, jikin ne?"

"Lafiyata lau. A je a ci abinci."

Abincin kuwa ƙanwarsa Hasana ke kai masa zaure. A bayan layi take aure, kullum tana tafe. Tuwon gero ne da miyar kuka, ya yi kewarsa ƙwarai, kuma a can ya saba ba a barin komai a faranti. Sai ya cinye ya suɗe kwanon tas, don Iya ta ji daɗi. Hasana ta kalli kwanon, ta kalle shi, ta ɗauka ta wuce.

Ya ce a je asibiti, Iya ta ƙi. Ya karɓo rubutu wurin malam, ta sha, bai sauya komai ba. Ya tsare Hasana da tambaya, ta sunkuyar da kai ta ce abin da ta sani dai, kafin zuwansa ba haka take ba.

Wannan maganar ce ta karya masa gwiwa. Ya yanke cewa ganinsa ne ke tayar mata da hankali, bayan shekarun da ya yi shiru. Tunda zamansa ne ciwon, gara ya koma.

Ranar kwana na goma sha ɗaya yana ninke riguna a jaka Hasana ta shigo da kwano. Ya yi loma biyu kawai, ya ture kwanon.

Ta ɗauka da hannu biyu, ta yi hamdala a hankali.

"Hamdalar me?"

Ta dubi ƙofar cikin gida, ta rage murya.

"Ta hana ni faɗa, Yaya. Tun da gero ya yi ƙasa kwano ɗaya ake yi a gidan nan. Abin da baƙo ya rage shi ne na Iya, kuma yau ne ka fara ragewa."